Tsohon Taken Ƙasa Ya Dawo

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Mu nan Kabo lafiya, sai kewa.

Bana mun ga abubuwa, daga tsadar mai har zanga-zanga, amma wanda ya taɓa ni shi ne dawo da tsohon taken ƙasa, na zamanin firamarenmu. Jiya jikata Hafsatu tana koyonsa, na kama mata. Da muka iso baitin da kullum kake kwafsawa har Malam ya murɗe maka kunne, na tuntsire da dariya, na waiga in tsokane ka. Ba kowa sai tabarma.

A sa mu a addu'a, a gaida Yaya Binta da yara. Taken da aka jingine ma ya dawo gida, Yaya. Kai sai yaushe?

Ƙanwarka,
Rabi