Shucina a Hannun Haladu

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami, sa'an nan da sunanki, ya Dela, sanyin randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da matafiyi ke hangowa tun daga nesa ya ƙara sauri. Ya mai wushirya, mai dogon wuya, mai tafiyar da ba ta gaggawa ko ana kiranta, ke da muryarki ta fi mini ƙamshin ƙasa a ranar ruwan fari! Gaisuwa mai yawa da bege mai nauyi daga masoyinki Falalu mai baibaya, wanda ke zaune a Roni a gidan wansa Lauwali, ƙafa ɗaure da tsumma. Ki gaida mini Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Da hannuna na rubuta, don na san da idonki za ki karanta, tunda marigayi mahaifinki bai bar ki da duhun kai ba. Ba na son kunnen kowa ya shiga tsakaninmu.

Dela, wa ya hau ɗakin Inna? Na san amsar, wallahi na sani, amma daga bakinki nake son in ji ta. Wa ya taka inda ƙafata ce kaɗai ya kamata ta taka? Wa ya kwance shucin da na yanka da laujena, na ɗauko a kaina, na yanta da yatsuna, ya shimfiɗa shi a kan ɗakin mahaifiyarki, mutanen Gwiwa suna tsaye suna sa masa albarka?

Ki tuna yadda aka faro. Tun bayan kaka na durƙusa gaban Inna na ce bana jinkar ɗakinta a wuyana take, kada ta nemi kowa. Ta yi murmushi ta ce Allah ya yi mini albarka, ke kuma kina bayan ƙofa kina jin komai, na ga gefen zanenki. Kowa a garinku ya san abin da ake nufi idan saurayi ya ɗauki jinkar uwar budurwa. Kwana tara na yi a fadama ina zaɓen ciyawa, doguwa mai santsi kawai nake yanka, gajeruwa in tsallake ta, har masu kiwo suna yi mini dariya wai ko kitso zan yi da ita. Rani guda ina zaune a gindin ɗorawar bayan gidanku ina yanta ta da igiya, tsinke kusa da tsinke, in naɗe in ajiye.

Kin tuna ranar da kika fito da ƙwaryar gyaɗa kika zauna nesa kaɗan, wai ɓara za ki yi, alhali ko guda goma ba ki ɓare ba? Kika ce wannan aikin ai ba wuya, in ba ki ki gwada. Na miƙa miki igiyar, kika yi kamu ɗaya, ya fito a karkace, ciyawar ta ci miki yatsa, kika sa shi a baki kina hararata kamar ni na aike ta. Kika ce in warware kada a gani. Ban warware ba, hasken idona. Na bar shi yadda yake, na ɗaura masa jan zare, na ce a raina wannan kamun daidai saman ƙofa zai zauna, duk shigar da zan yi gaida Inna in ɗaga kai in gan shi. Yau ina yake? A bayan ɗaki ne wajen akurkin kaji, ko kuwa an ga ya karkace an datse an yar? Wanda bai san hannun da ya yi shi ba, ina zai san darajarsa?

Ba zan ɓoye laifina ba. Ni na yaye tsohuwar jinka, na bar ɗakin Inna baki buɗe yana kallon sama. Da na yaye ne na ga gara ta cinye tsaikon, sandunan da ke ɗauke da rufin, in ka murza su da yatsa sai gari. Na ce wa Inna ba zan ɗora sabon shuci a kan ruɓaɓɓen itace ba, ta ba ni kwana uku in je duwatsun Roni in saro itacen geza mai ƙwari. Ta ce in lallaɓa da na nan kusa mana, na ƙi. Taurin kan mai sana'a ne, na yarda. Rana ta biyu gatari ya goce ya sauka a ƙafata, zazzaɓi ya biyo baya, kwana uku suka zama sha huɗu. Ina kwance ina jin iska ta juya, ina ganin hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa.

Uwa ce, matar wana, ta kawo mini labarin ranar da ta dawo daga kasuwarku. Ba ta ko sauke kaya ba ta fara. Wai Haladu ɗan Maikasuwa, mai kai fatu Babura, shi ya ga Inna tana kwana a ɗakinki ya ce abin ya ba shi tausayi. Tausayi! Haladun da shekara biyu yana bi ta ƙofar gidanku da rigar saƙi yana gyara hula, sai yanzu tausayi ya kama shi? Wai ya tara abokansa, daga hantsi zuwa azahar suka gama. Wai ke kika riƙa jefa masa igiya sama yana cafewa. Wai ya faɗi wata magana daga can bisa, kika yi dariya har kika dafa bango. Wai da ya sauko kin kawo masa fura da nono mai kauri, a rufe da sabon faifai, kika durƙusa kika ajiye. Na ce wa Uwa ta isa haka, ba ta bari ba, sai da ta ƙara da cewa bai rage komai a ƙwaryar ba.

Me ya faɗa, Dela? Wace magana ce ta kai ki dafa bango? Ni rani guda ina gindin ɗorawa ina ba ki labarai, murmushi kawai nake samu, shi ma a ɓoye cikin mayafi, ina ganin kunya ce, ina ƙara sonki saboda ita. Ashe akwai wata dariyar a ajiye, mai sauti, wadda ba a fito da ita sai mai rigar saƙi ya hau sama? Tun ranar na daina cin tuwo. Lauwali ya ce zazzaɓin ne ya dawo, na bar shi a haka. Kishi ne, ba wani abu ba, kishi ne yake cina, kuma ban ji kunyar faɗa miki ba.

Akwai abin da ba ki sani ba. Shekaranjiya na zo Gwiwa. Na sa aka ɗora ni a kan jaki, ƙafa tana zugi, wana yana faɗa, na kama hanya tun da sassafe. Na tsaya a gindin tsamiyar bakin rijiya, inda ake hango gidanku. Na ga ɗakin, na ga shucina yana sheƙi a rana, na gane shi kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa a garken wani. Ina nan tsaye sai ga ki kin fito da tulu. Kika tsaya, kika kare ido da tafin hannu, kika ɗaga kai kika dubi jinkar nan, kika daɗe kina dubanta. Wa kike tunawa a lokacin, sanyin raina? Wanda ya yanta ko wanda ya ɗaura? Da na san ni ne, da na sauko ko da rarrafe. Ban sani ba, sai na juya kan jakin na komo Roni ban sha ko ruwan garinku ba.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don wannan maganar ta mai sana'a ce. Uwa ta ce Haladu yana yawo a kasuwa yana alfahari wai ya gama har naɗi biyu na shuci sun ragu, wai Falalu ɓarna ya so ya yi. Kai, jama'a! Ni da na auna ɗakin nan da igiya sau uku, tsinke ɗaya bai kamata ya ragu ba. Shuci hawa-hawa ake naɗa shi daga ƙasa zuwa sama, kowane hawa ya rufe fiye da rabin na ƙarƙashinsa, ta haka ruwa ke zamewa ya sauka. Shi ya wawware tsakani don ya gama da wuri a yaba masa. Abin da ya ragu a ƙasa, shi ne abin da babu a sama. Daga bakin rijiya ma na hango tulluwar, ƙullin can ƙoli, ta karkata yamma, alamar da busasshiyar igiya ya ɗaure, bai san ana jiƙa ta ba don in ta bushe ta ƙara kamawa. Mafi muni, a kan tsaikon nan da gara ta cinye ya ɗora komai. Yanzu ciyawar a bushe take, ba nauyi. Ranar da ta sha ruwa ta yi nauyi, iska ta taso ta girgiza ta, sandunan nan ba za su ɗauka ba.

Don Allah, don darajar mahaifinki, ki fitar da Inna daga ɗakin nan, ta koma naki har in zo. Za a ce baƙin ciki ne ya sa Falalu yake kushe aikin wani. A faɗa. Da kishin da gaskiyar duka suna nan, ɗaya bai kori ɗaya ba. In Inna ta yi gardama, ki ɗauki muciya ki zunguri sanda ɗaya daga ciki, ki nuna mata abin da zai zubo.

Ya kurciyar gidanmu, ya furen rama da safe, na ji Baffanki Daudu ya ce da zarar an yi ruwan shuka zai kira ki ya tambaye ki wanda kike so, ya yanke magana. Ruwan nan kuwa yana bakin ƙofa. Me za ki ce masa? Za ki auna rani guda da wuni guda? Ni ba ni da rigar saƙi, ban san hanyar Babura da fatu ba, tafin hannuna kaushi ne da tsagar ciyawa. Amma ban taɓa ɗaura abin da ya kwance ba, kuma tun ranar da na fara ganinki a bakin rijiya ban ƙara duban wata 'ya mace sau biyu ba. Na yi kuskure da na tafi na bar ɗaki a buɗe, na yi babban kuskure. Ki hukunta ni da fushi, ki hukunta ni da harara wata guda, ki ƙi amsa sallamata, duk zan ɗauka. Kada dai ki hukunta ni da Haladu.

Gezar tana nan a ɗaure, Lauwali ya ƙarasa saro mini. Ranar Talata in Allah ya kai mu zan taho da ita, ko ƙafa ta warke ko ba ta warke ba. Zan warware abin da aka yi a gaban kowa da rana tsaka, in kafa sabon tsaiko, in mayar da shucina yadda na nufa, har naɗi biyun nan da aka raina. Wannan alkawarin Inna ne, ba ya jiran amsarki, ko kin so ni ko kin ƙi ni zan cika shi.

Idan ni kika zaɓa, Dela, to kin rufa mini asiri a duniya, kuma ba za ki taɓa tara ƙwarya a tsakar ɗaki kina tarbar yoyo ba muddin ina numfashi. Idan kuwa shi ne, Allah ya kiyaye, to ki gaya masa ya zo ranar Talatar nan ya tsaya kusa da ni. Zan nuna masa yadda ake jiƙa igiya, da yadda ake jera hawa, da yadda ake gane itacen da gara ta shiga. Zan koya masa duka, raina yana ƙuna, ba zan ɓoye masa komai ba. Don a ƙarƙashin rufinsa za ki kwana sauran rayuwarki, ni kuma ba zan iya zama a Roni ina jin tsawa ta wajen Gwiwa, na san ruwa yana zuba a kanki ba.

Naki ne ni, yau da gobe da ranar da za a tambaye ki, da bayanta komai kika faɗa,

Falalu