Ciwon Kan da Ya Ɗauke Ka Ya Kama Ishaya

Baban Ishaya,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma in ba kai ba, wa zan faɗa wa?

Ɗanmu ya faɗi a shagonsa a Kasuwar Jalingo. Ya riƙe kai yana amai, wuyansa ya sandare, kamar yadda ka yi a gonar shinkafa a Lau. Kai ba mu san sunan ciwonka ba har muka binne ka. Shi kuwa an yi masa hoton kai, aka turo mu Abuja.

Likita ta ce wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ta yi ɗan kumburi, bai wuce ƙwayar dawa ba, ya fashe. Ba za su buɗe kai ba. Ta cinya za su zura siririyar roba, ta bi jijiya har can, su cusa lallausar waya ta toshe wurin. Ta kuma gaya mini gaskiya, ƙanƙantar tasa ce haɗarin, don wayar kan iya huda shi. In an bar shi kuma, zai iya sake fashewa. Ni aka tambaya. Na ce a yi.

Kullum ina musu da kai, ko? Ban taɓa faɗa maka ba cewa in ka yanke magana, hankalina kwanciya yake yi. Yanzu wa zai ce mini na yi daidai?

An yi aikin jiya. Ya buɗe ido, ya matse hannuna, ya nemi ruwa. Amma sun ce kwanakin da ke gaba ma abin tsoro ne, jijiyoyin kan iya tsukewa. Ko juyi ya yi, sai in miƙe in duba shi.

Matarsa tana gida a unguwar Barade, cikinta ya tsufa, ban gaya mata duka ba. Matan zumunta na cocinmu suna zuwa yin addu'a da ita. Ƙanenka ya girbe shinkafar.

Ka huta lafiya, maigida. Amma in ka hango shi yana tahowa wajenka, kada ka yi masa maraba. Ka koro mini shi gida.

Matarka,
Rifkatu