Sha Bakwai Daga Sama

Ranar Talata

Assalamu alaikum Yayata,

Da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya maigidan da 'yan biyunmu? Mu nan kowa lafiya, Mama tana gaishe ki. Na san za ki yi mamakin ganin dogon rubutu daga wajena, ni da ko "ina kwana" sai na yi miki da saƙon murya. To, kin san kunnen Baba, ko raɗa na yi a ɗaki sai ya ji. Kuma don Allah kar ki sa wannan maganar a gurup ɗin gida.

Kin tuna kwamfutar da kika bar mana a falo, wadda aka jona wa wayar kebul muke kallon talabijin a kanta? Jerin tashoshinta ya daɗe yana ba ni haushi. Sun fi ɗari biyu, alhali namu ƙaramin tsari ne, arba'in da 'yan kai kawai ke buɗewa. Sauran in kin danna sai baƙin allo da rubutu wai ba ku yi rajista ba. Jiya na ga wani bidiyo a waya, mutumin ya nuna yadda ake yi: ki shiga saiti, ki shiga jerin tashoshi, ki cire alamar da ke gefen duk wadda ba kya so. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya yi tsami. Jeri ya dawo ɗan gajere tsaf. Har hoto na ɗauka zan turo miki ki yaba mini.

Da yamma Baba ya ajiye bas, ya yi wanka, ya zauna a kujerarsa ya ɗauki rimot. Ina gefe ina jiran ya ce sannu Injiniya, yadda yake tsokanata. Ya danna ƙasa, ƙasa, ƙasa, sai ga tashar da ake tallar tukwane. Ya koma sama ya sake. Tukwane dai. Yaya, a karo na uku ne na kalli bakinsa. Ƙirga yake yi! Leɓensa na motsi, yana kaiwa sha bakwai sai ya tsaya. Sai ya ce wai na'urar ta lalace, wa ya taɓa ta?

Na ce ni ce, na share waɗanda ba ma biya ne, ga tashar labaransa nan a layi na huɗu. Kin san girman rubutun nan, daga kicin ma ina karanta shi. Ya miƙa yatsa ya nuna can ƙasan allo inda babu komai, ya ce ai ya gani. Daga nan ya ajiye rimot ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki.

Wataƙila gajiya ce ko? Ke ce nas, ki gaya mini gajiya ce. Don tun jiya abu ɗaya ke yawo a kaina: kullum da safe mutumin nan yara ashirin da biyu yake ɗauka zuwa makaranta.

Ki amsa mini da wuri.
Ƙanwarki,
Auta

Ranar Alhamis

Yaya,

Barka da war haka, ina fata kin huta daga aikin jiya. Na ga amsarki, kuma na yi abin da kika ce, na sa ido ban yi magana ba. Wallahi da ma ban sa ba.

Ashe agogon bango ya daina kallo, ni yake tambaya ƙarfe nawa kamar yana gwada ni. Ashe saƙon da yake ba ni in karanta masa ba don ƙyuya ba ne. Ita kuma Mama kullum a wuri ɗaya take ajiye masa kofi, hannun kofin yana kallon dama. Na tare ta a kicin na tambaye ta. Ta ci gaba da wanke-wanke ta ce in kiyaye bakina, mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙi ko ƙwarzane bai taɓa yi wa mota ba, ba ni zan koya masa hanya ba. Amma faranti ɗaya ta yi ta cuɗawa har na fita.

Yau da safe na ce zan je gyaran waya kusa da makarantar, ya rage mini hanya. Na zauna a gaba. Yaya, Baba ba da ido yake tuƙi ba, da hadda yake yi. Ya san inda kowane tudun rage gudu yake, kafin mu iso ya riga ya taka birki. A danja kuma, ta ba mu hannu ya ƙi tashi, sai da na baya suka danna masa hon. Ya yi dariya ya ce mutanen yanzu ba su da haƙuri. A danja ta biyu ma haka. Hon ɗin yake jira, shi ne koriyar fitilarsa.

Bayan mun sha kwanar gidan mai, wata tifa ta lalace a gefen titi, inda kullum babu komai. Ina ganinta tun daga nesa, ƙatuwa, ja. Baba bai rage gudu ba. Na jira, na ce yanzu zai kauce, yanzu zai kauce. Ban san lokacin da na ƙwala ihu na ce Baba mota ba! Ya taka birki, jakunkuna suka zube, gorar ruwan wata yarinya ta gangaro har ƙafata. Tsakaninmu da tifar bai kai tsawon tabarma ba. Yaran suka fashe da dariya, wai a sake. Malamar da ke raka su tana can baya tana ɗaure wa wata takalmi, ba ta ga komai ba, sannu kawai ta ce.

Baba bai kalle ni ba. Ya murɗa sitiyari ya kauce wa tifar. Da muka isa ya ce in sauka, mai gyaran waya ya buɗe. Wayata lafiyarta ƙalau, kuma ya sani.

Har yanzu in na rufe ido jan bayan tifar nan nake gani. Kin ce ba za ki samu zuwa ba sai ƙarshen wata. Yaya, ƙarshen wata ya yi nisa.

Taki,
Auta

Ranar Asabar

Yayata,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan yara. Na gode da kika kira shi, amma kin ji yadda ya yi miki, lafiyarsa lau, wai Auta ce da yawan kallon bidiyo. Yana ajiye wayar ya kira ni falo.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce in zauna. Ya ce tun bara abin ya fara, kamar ana hura masa hayaƙi a gaba, idon hagu ya fi tsanani. Ya ce tashoshin nan da na share su ne matakalarsa: sha bakwai labarai, talatin da ɗaya ƙwallo, hamsin da biyu wa'azi, ni kuma na zo na cire masa matakala na bar shi a sama. Har ya so ya yi dariya.

Sai ya roƙe ni. Baba fa, ni Auta yake roƙo. Wai saura sati uku a yi hutu, in bar shi ya ƙarasa zangon nan da mutuncinsa, ya miƙa makulli da hannunsa, kar a ce an kore shi don makanta. Zai riƙa tafiya a hankali, ya san hanyar kamar tafin hannunsa. Ya ce in mayar masa da tashoshinsa, in kuma rufe bakina.

Na ce to. Me zan ce? Amma ban mayar ba, na ce masa sai na sake kallon bidiyon. Ƙarya nake, danna ɗaya ne. Gani nake in na mayar, kamar na sa hannu ne a kan sati ukun.

Na lissafa, sau talatin ke nan zai bi hanyar nan, zuwa da dawowa. Lambar shugabar makarantar tana wayata, na buɗe na rufe ya fi sau goma. In na kira ta a bayansa, na tozarta shi a gaban mutanen da ke tashi tsaye in ya shigo. In ban kira ba, kin dai san sauran. Ki yi mini addu'a, jibi Litinin.

Ƙanwarki da ta rasa abin yi,
Auta

Ranar Laraba

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini rashin ɗaga wayarki, ba zan iya faɗa da baki ba ne sai na yi kuka. Ga yadda aka yi.

Litinin da safe na riga shi fitowa. Kin san ƙusar bayan ƙofa inda yake rataye makullin bas. Ban ɓoye shi ba, wallahi ban ɓoye ba. Na ɗauke shi na ajiye a tsakiyar teburin falo, a kan farin ƙyallen nan, na kawar da komai na bar shi shi kaɗai, da jan igiyarsa.

Ya fito da hularsa ya shafa ƙusa, babu. Ya shafa aljihu. Ya duba kan kujera, ya zagaya teburin sau biyu, idonsa ya bi ta kan makullin ya wuce. Mama na tsaye a ƙofar kicin da kofi a hannu. Sai na ce, Baba, makullin yana gabanka a fili, in ka gan shi ka ɗauka ka tafi, na rantse ba zan ƙara cewa komai ba. Muryata kamar ba tawa ba. Mama ta ce ke, ubanki ne fa! Amma ba ta matso ta miƙa masa ba.

Ya tsaya ya daɗe yana kallon teburin. Daga baya ya sunkuya ya shimfiɗa tafin hannunsa yana lalube, har ya ji shi ya yi ƙara. Ya ɗauka. Na ce a raina shi ke nan, tafiya zai yi, don hanyar ƙofa a buɗe take kuma ba ni da ƙarfin tare shi. Ya juya makullin a hannunsa, ya juya. Sai ya zauna a kujera da hular a kansa, ya ce in kira masa shugabar makaranta, shi zai yi magana.

Da bakinsa ya gaya mata. Ya ce idonsa ya samu matsala, ba zai ɗauki 'ya'yan mutane ba. Ta aiko wani direba ya karɓi bas ɗin. Baba yana jin tashin injin ya ce mutumin nan zai kashe masa kuloci.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Jiya dai ya yarda muka je asibitin ido da Mama, ni na riƙe katin, ita ta riƙe shi. Likita ya ce yanar ido ce a duka biyun, kamar yadda kika yi zato. Za a fara yi wa na hagu aiki ranar tara ga wata. Maganar komawa tuƙi kuwa ya ce sai an gani, bai yi mana alkawari ba. Ki yi ƙoƙari ki zo kafin ranar.

Da muka dawo na shiga saiti na mayar da tashoshin gaba ɗaya, har da matattun. Ban gaya masa ba, na dai ajiye rimot a hannun kujerarsa. Yau da yamma ya zauna ya ɗauka. Ina leƙe daga kicin, leɓensa na motsi. Sha biyar, sha shida, sha bakwai, sai ga muryar mai karanta labarai. Ya ci gaba da saurare har aka kai rahoton yanayi.

Can sai na ji ya ce Injiniya. Na fito da gudu har na yi tuntuɓe da bokiti. Ya ce in bar su haka kar in ƙara taɓawa. In an yi masa aikin zai zauna kusa da ni, shi zai karanto mini sunayen waɗanda ba ma biya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in riƙa cirewa.

Na ce sun fi ɗari da hamsin fa, Baba. Ya ce yanzu ina zai je?

Ki gaida maigidan, ki sumbaci 'yan biyu. Mama ta ce ki taho masa da baƙin tabarau mai kyau, likita ya ce zai buƙata bayan aikin.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta