Ko Ƴan Gawo Suna Barci

Urafane, Nuwamba 1984

Zuwa ga Yaya Attahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hassana da yara. Yaya Tasawa, yaya fama da hanya? Mu nan alhamdu lillahi.

Da ka zo gaisuwar Mamudu ka ji abin da uwar mijina ta yanke: kada a gaya wa babansu sai ya dawo. Tana da gaskiyarta. In ya ji ɗansa ya rasu zai yar da dakon da yake yi a Kano ya taho, alhali ɗan garin da yake aikowa ta hannunka shi ya hana mu cin anza zalla, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci. Na yarda, na ja bakina. Maganar ɗiyarka Hindu, yayar Mamudu, ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta daina barci.

Ka san babansu da tatsuniya. Ta kowa ba ta ishe shi ba, sai da ya ƙago nasa mutanen, wai Ƴan Gawo. Gajeru ne, ba su kai rabin taɓarya ba, kunnuwansu dogaye masu tsini, suna zaune cikin kogon gawo suna gadin irin geron duniya. Hindu, da tambayarta kamar alƙali, ta taɓa tsare shi ko suna barci, ko suna mafarki. Ya ce ina, mai gadi ba ya runtsawa. Ranar da zai tafi ya dafa kanta ya ce ya naɗa ta Ƴar Gawo, ga ƙanenta nan amana. Wasa yake yi, Yaya. Ni ma dariya na yi.

Ranar da abin ya faru ina layin jar dawar da sojoji ke rabawa. Na bar Hindu tana yi wa Mamudu fifita, ƙyanda ta riga ta gama da shi. Zafi da yunwa suka sa barci ya sace ta, ta farka ta tarar ya tafi. Tun daga nan take barbaɗa tsakuwa a tabarmarta. In gyangyaɗi ya kayar da ita sai ta zabura, ta bi mu ɗaya ɗaya tana sa yatsa a hancinmu, ni da kakarta, ta ji ko muna numfashi. Yarinyar da ba ta gama famfara ba.

In ka tsallaka Kano, ka tambayi babansu kamar da wasa, ka ja shi har ya ce Ƴan Gawo ma suna kwantawa. Shi ya yi su, maganarsa kaɗai za ta ɗauka. Ka gaida Hassana, Allah ya tsare hanya.

Ƙanwarka,
Zara'u

Urafane, Janairu 1985

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. Na ji an ƙara matse iyaka, motarka ba ta wucewa, ka ba abokin aikinka Ɗan Malam saƙon tunda shi yana bi ta daji. Na gode, ko da yake na san bakin Ɗan Malam, rabin magana yake kaiwa.

Ban zauna jira ba. Na kai ta wajen Malam Ladan, ya yi mata bayani da kyau cewa Allah ne kaɗai gyangyaɗi ba ya kamawa, mutum da aljan duk suna barci. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce masa Ƴan Gawo ba aljanu ba ne, na babanta ne. Kakarta ta gwada ƙaro tatsuniyar, ta kwantar da su bisa ganye, ta ba su mafarkin damina. Hindu ta kama ta da kure tun a farko, don ta ce suna da wutsiya.

Na je har lakwal, makarantar boko, wajen Mushe Hamani, malamin da ya karantar da ni. Sai mutumin nan ya ji daɗi, kamar na kawo masa goro. Ya ce a littattafan Turawa ma akwai irin waɗannan masu dogon kunne, kuma marubutan ba su taɓa shiryawa a kansu ba: wani ya ce suna barci kamar kowa, wani ya ce ido buɗe suke hutawa, suna tafe suna mafarki. Na ce masa ni ba muhawara ta kawo ni ba. Ya biyo ni gida da kyakkyawar niyya ya maimaita mata, ita ko ta tsinci abin da ya fi muni ta riƙe. Yanzu tana zaune jingine da bango ido buɗe, kana magana ba ta jin ka, wai hutawa take yi irin tasu.

Likita ya ba ni ƙwaya, na daka na zuba mata a kunu. Ta yi barci mai nauyi, ni ma na samu na miƙe ƙafa. Da ta farka ta gane abin da na yi, kukan da ta yi bai kai kallon da ta yi mini ciwo ba. Yanzu ba ta karɓar komai daga hannuna, sai ta ga kakarta ta fara sha. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Tsoro nake ji, Yaya, na rasa inda zan dafa.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Zara'u

Urafane, Maris 1985

Yaya Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya zafi. Garin ya iso, kaset ɗin babansu ma ya iso, Allah ya saka maka.

Mun aro rediyon Mushe Hamani, muka haɗa pil, wato batir, muka zauna a inuwa da hantsi. Hindu ta manna kunnenta a jikinsa, rabon da in ga haƙoranta tun kaka. Ya gaida kowa da suna. Sannan ya yi dariyar nan tasa, ya ce ya ji wai mutanen Urafane suna so su lalata masa tatsuniya. Ya ce a gaya wa Hindu kada ta saurari kowa, Ƴan Gawo ba sa barci, ba sa mafarki, ko yau ko gobe. Ya ce ya san Ƴar Gawonsa ba ta ɗauke ido daga Mamudu ba, kuma ya saya masa takalmi.

Kakarta ta kai hannu ta kashe, amma ya riga ya faɗa. Hindu ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta fita ta ƙaro tsakuwa.

Ba laifinsa ba ne, ba na tsohuwa ba ne, na duba ko'ina na rasa wanda zan yi fushi da shi. Amma yarinyar nan ba za ta kai damina a haka ba. Don haka zan saɓa wa uwar mijina, in ta ji ta yi mini duk abin da ta ga dama.

Ka tafi da kanka, ko da ƙafa ne, kada ka ba kowa. Ka bari ya ci abinci, ka zaunar da shi, ka gaya masa Mamudu ya rasu. Ka riƙe shi kada ya taho, don in ya taho yunwa za ta kwantar da mu duka. Ka bar shi ya yi kukansa ya gama. In ya share ido ka ajiye masa rediyo da sabon kaset, ya ba ɗiyarsa labarin ranar da sarkin Ƴan Gawo ya sallami masu gadi, ya ce ba su yi laifi ba, kowa ya je ya kwanta. Na san abin da nake roƙo ya fi ƙarfin uba. Amma ya yi dariyar nan kamar yadda ya saba, kuma in muryarsa ta yi rawa ku goge ku sake, don ta san muryar babanta.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai da wuri.

Ƙanwarka,
Zara'u