Kofi Goma Sha Shida Bai Cika Galan Ba

Zuwa ga Mai Girma Mufattishi mai kula da gonakin auduga na yammacin Managil,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe.

Shekarata tara da barin ƙasar Sakkwato da niyyar Hajji, har yau ban ga teku ba. Ina cirar auduga, ina zaune a kambo, wato sansanin leburori, da matata Hajara. Ban saba kai ƙara ba, amma na gaji.

Na farko. Ofishinka ya yanke wa kowane mutum galan ɗaya na ruwan rijiya kullum, aka ce kofi goma sha shida ke nan. Mun gode. Da babban kofin ƙarfen da aka aiko tare da duro, lissafin daidai yake.

Na biyu. Tun farkon cira kofin nan ya fashe. Mai rabon ruwa ya ɗauko kubbayar shayi, wannan 'yar ƙaramar ta gilashi, ya ci gaba da ƙirga sha shida. Ba ɓarawo ba ne, Allah na gani. Ragowar ruwan yakan mayar da shi rijiya. Sha shida aka ce masa, sha shida yake bayarwa.

Na wanke galan na kananzir, na juye rabona a ciki gaban jama'a. Da ƙyar ya wuce rabi. Sai da na zuba kubbaya talatin ya cika. Na kai maganar wurin samad, mai unguwarmu, ya ce kofi kofi ne, takarda ba ta faɗi girmansa ba. To ashe ko da murfin kwalba aka auna, mu yi shiru?

Na uku. Ruwa ya kasa kai mu la'asar, Hajara ta dinga bar mini nata tana shan na tur'a, magudanar ban-ruwan gonaki, inda jakuna ke wanka. Ban sani ba sai da tsargiya ta kwantar da ita. Sau biyu muna zuwa asibiti, daga kuɗin Hajjina nake biya.

Roƙona kaɗan ne. A aiko da kofi irin na da, ko a auna da galan ɗin kansa, a huta da ƙirge. Mu ma da muka yi makonni muna gunaguni a bukka muna da namu laifin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare iyalinka daga ruwan tur'a.

Kuɗin jirgin Jidda da na tara a shekara tara fam goma sha ɗaya ne. Yau da safe na kwance ƙullin: saura fam uku da girshi ashirin.

Wassalam.
Umaru Gwadabe, kambon leburori.