Kalmar Sirrin Maigida

Litinin, 3 ga Maris

Karo na uku ke nan ina kai wa Maigida takardar neman kuɗin tsaron kwamfutocinmu. Ya ce, "'Yata, masu gadi biyu gare mu a ƙofa." Na ce, "Baba, ɓarawon yanzu ba ya haura katanga." Dariya ya yi, ya miƙo min alewa. Ni da ke kula da kwamfutocin kamfani guda, wai alewa.

Laraba, 5 ga Maris

Kwamfuta goma sha huɗu, kalmar sirri ɗaya, shekara tara ba a canza ba. Har direbobin da aka sallama sun san ta. Bayanan bankin abokan cinikinmu duk suna ciki. In aka kwashe, da wane ido za mu dube su?

Alhamis, 13 ga Maris

An yi wa kamfanin da ke samanmu kutse, an yashe su tas. Na ce wa Maigida gemun maƙwabci fa ya kama da wuta. Ya ce kuɗi zai bayar, amma kalmar a bar ta. Na ɗaga murya, na ce wannan ai gina katanga ne a bar ƙofa a hangame. 

Juma'a, 14 ga Maris

Sakatariya ta ja ni gefe. Ashe kalmar sunan da yake kiran matarsa marigayiya ne. Marigayiyar ce ta saka da hannunta ranar da suka sayi kwamfutar farko. Shekara biyu ina buga sunan nan ina tsaki. Wallahi na ji kunya.

Talata, 18 ga Maris

Ban kai takarda ba, haƙuri na je ba shi. Sannan na ce masa ɓarawo zai iya shiga da sunan ya cuci mutane. Ya ɗago ya dube ni.

"Da sunanta?"

Na ce e, Baba.

"Je ki ɗauko takardar."

Litinin, 24 ga Maris

An gama aiki, kowa da kalmarsa. Tsohuwar kwamfutar Maigida, a ƙa'ida sito za ta. Na kwashe abin da ke ciki, na raba ta da intanet, na mayar masa kan tebur. Fanko ce, sai dai har yanzu ba ta buɗewa sai an buga sunan. Da safe na zo wucewa na hango shi yana bugawa da yatsa ɗaya, na ja masa ƙofa a hankali.

A rahoto na rubuta wai sito ya cika.