Makullin da ke Ƙarƙashin Matakala ta Uku

Zuwa ga Yayana Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, duk inda kake. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya.

Ranar Talata da safe na dawo daga masallaci, sai na tarar da kafintoci uku a benenmu na Gangare, suna ɓamɓare katakon matakala. Wanda ya sayi gidan, otel zai mayar da shi. Tun bayan salla aka ce kowa ya tashi. Kowa ya tashi, Yaya. Ni kaɗai na rage, kullum ina ba sabon mai gidan haƙuri.

Ka fi ni sanin gidan nan. Baba ya ce wani Kwara, Balarabe mai sayen kuza ne ya gina shi da dutse, ƙasa sito, sama ɗakuna takwas na akawunansa. Da kasuwar kuza ta faɗi ya tafi, ma'aikatan reluwe suka shigo. Baƙin da ke bangon baranda, hayaƙin gawayinsu ne na jin ɗumi. Sai zamaninmu da su Mama Ngozi, mai ba mu soyayyar doya, waɗanda suka tafi rana ɗaya suka bar tukunya a kan murhu. Duk wanda ya zauna ya bar wani abu, ko ƙusa ce. Ban ga wanda ya dawo ɗauka ba.

Ka tuna matakala ta uku, wadda take motsi? Nan Inna take ajiye maka makulli in ka tafi kallon ƙwallo. Ranar da ka shiga motar sojoji ma nan ta sa shi. Ta ce, "Kada ya dawo ya tsaya a waje kamar baƙo."

Yaƙi ya ƙare, abokanka suka dawo. Wani ya ce ya gan ka a Fatakwal, wani ya ce kana tuƙi a Ikko. Shekara goma ke nan. Ban san ko labari ya kai maka ba: Inna ta rasu bara da sanyi. Ban taɓa ɗauke makullin ba, sai dai duk Juma'a in shafa masa man keke don kada ya yi tsatsa.

Abin da ya zaunar da ni ke nan. Ba ka san wata ƙofa tamu a duniya ba sai wannan.

Da kafintan ya ɗaga ta ukun, makullin ya faɗo. Ya yi dariya, wai ashe oga dukiya ya ɓoye. Na sunkuya na ɗauka. Na dai roƙi katakon, ya dube ni, ya miƙo mini. Tabarmata da akwatin Inna kuwa ta taga aka zuro mini su da igiya.

Yanzu ina Dilimi, ɗaki ɗaya bayan garejin masu gyaran tifa. Gidan ba bene ba ne, amma na shimfiɗa katakon a bakin ƙofa. Da ka taka za ka gane shi, har yanzu yana motsi. Sabon makulli yana ƙarƙashi. In ka zo ba na nan, ka buɗe ka shiga. Ba sai ka gaya mini inda ka daɗe ba, Yayana.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba. Allah Ya tsare ka in kana raye, Ya nuna maka hanyar gida. In kuma ka riga ni, Allah Ya sa ka tarar da ƙofa a buɗe.

Ƙaninka,
Sani

Ba ni da adireshinka, don haka na bar takardar wajen Malam Audu mai shayi. A gabansa na ɗauki katakon a ka, shi da Ngo Kaneng mai dankali da ke tsallaken titi. Ngo ta bi ni har Dilimi don ta ga ƙofar da idonta. Ka tambaye su.